Wutar da Ke Gudana a Duhu: Tarihin Ƙofofin da Ido Ke Gani da Su

A shekarar 1965, a Jami'ar Keio da ke birnin Tokiyo, wani masanin aikin jiki mai suna Tsuneo Tomita ya bayar da rahoton wani sakamako da ya ɗaure wa takwarorinsa kai. Ya daɗe yana neman hanyar cusa tsinken gilashi, wanda bakinsa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, cikin ƙwayar rai ɗaya daga waɗanda ke karɓar haske a idon kifi. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta da yawa, sai da ya ƙera wata na'ura mai girgiza naman idon har ya soki bakin tsinken. Da ya samu shiga, ya haska fitila, sai ƙwayar ta lafa. A idanun ƙwari da na wasu dabbobin teku da aka auna kafin nan, haske zaburar da ƙwaya yake yi. A idon kifi, kuma kamar yadda aka tabbatar daga baya a idon kwaɗo da kunkuru da biri da ɗan Adam, haske kwantar da ita yake yi. Duhu ne lokacin aikinta.

Shekara ashirin cif aka kwashe kafin a gano dalili. Amsar tana cikin wata 'yar ƙofa ta furotin da ke jikin ƙwayar, wadda ke buɗe a duhu, haske kuma ya rufe ta. Labarin gano wannan ƙofa shi ne labarin yadda likitoci suka fara rarrabe makanta iri-iri da a da ake kira da suna ɗaya.

Abin da aka sani kafin ƙofa

A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai suna retina, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A nan haske ke zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Masu karɓar hasken iri biyu ne, kuma siffarsu ce ta ba su suna: sanduna, kimanin miliyan 90 a idon mutum, masu aiki a hasken wata da taurari, da mazurarai, kimanin miliyan huɗu da rabi, masu aikin rana, waɗanda da su muke karatu da bambance launi.

Tun 1865 Frithiof Holmgren, a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, ya ɗora waya a idon kwaɗo ya ga allurar ma'auni tana motsi duk sa'ad da haske ya shiga. Ke nan gani yana da alaƙa da lantarki. A 1876 Franz Boll, Bajamushe mai aiki a birnin Rum, ya lura cewa retinar kwaɗon da ya kwana a duhu ja ce, tana kuma kodewa idan aka fito da ita haske. Wilhelm Kühne na Heidelberg ya tace wannan rini, wanda ake kira rodofsin. A 1933 George Wald ya gano cewa akwai bitamin A a cikin retina, daga bisani ya nuna cewa daga gare shi ake gina ɓangaren rodofsin da ke kama haske. Wannan ya fayyace dalilin da ya sa tsofaffin likitocin Masar da Girka suke ba mai dundumi hanta ya warke, domin hanta ce rumbun bitamin A.

Sai kuma a 1942 Selig Hecht da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Columbia da ke Amurka suka zaunar da mutane cikin duhu, suna ba su walƙiya mafi rauni da ido zai iya tsinkaya. Lissafinsu ya nuna cewa sanda ɗaya tana amsa foton ɗaya, wato ƙwayar haske mafi ƙanƙanta da ke akwai. Nan tambayar ta tsananta. Ta yaya lanƙwasar rodofsin ƙwara ɗaya tak za ta haifar da lantarkin da jijiya za ta ji?

Ganuwa da masu shiga

Kowace ƙwayar rai tana kewaye da siririyar ganuwa ta kitse. Ciki da wajenta ruwan gishiri ne, gishirin kuma idan ya narke yakan rabu zuwa gutsattsari masu ɗauke da caji, waɗanda ake kira ayon: sodiyam, fotasiyam, kalsiyam, kulorayid. Ƙwayar tana da famfuna masu fitar da sodiyam waje ba dare ba rana, har ya taru a bayan ganuwa kamar ruwa a bayan madatsa. Duk sa'ad da aka buɗe masa ƙofa, sai ya kwararo ciki, wannan kwararar ita ce wutar lantarkin jiki. Kowace ƙofa tana da irin baƙon da take bari ya wuce, tana kuma da abin da ke buɗe ta: wata canjin lantarki, wata sinadari, wata taɓi.

Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka kafa wannan fahimta a 1952, bayan gwaje-gwajen da suka yi a Plymouth ta Ingila da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid. Ba su ga ƙofa ko ɗaya da ido ba, lissafi ne ya nuna musu dole akwai ta. A jijiyar da suka auna, ƙofofin sodiyam a rufe suke lokacin hutu, saƙo ne ke buɗe su. Kowa ya ɗauka haka abin zai kasance a ido, shi ya sa sakamakon Tomita ya zo kamar tafiya da baya.

A 1970 William Hagins da abokan aikinsa, a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, suka jera ƙananan ma'aunai a gefen sandunan ɓera. Suka iske cewa a cikin duhu akwai wuta mai gudana ba yankewa: sodiyam yana shiga ta saman sanda, da'irar tana cika ta gindinta, famfuna suna ta mayar da shi waje. Haske yana zuwa sai wutar ta ragu. Suka kira ta wutar duhu. Da wannan aka fahimci abin da Tomita ya gani. Sanda a duhu tana tsaye a wajen milibolt 40 ƙasa da sifili, haske mai ƙarfi kuma yana sauko da ita zuwa wajen 65 ko 70 ƙasa da sifili, saboda ya toshe wa sodiyam hanya.

Rigimar ɗan aike

Saura sanin wanda ke rufe ƙofar. A saman kowace sanda akwai faya-fayai kimanin dubu, a jere kamar tarin kwabo, kuma a jikinsu rodofsin yake. Ƙofofin kuwa suna can jikin ganuwar waje, ba su haɗe da faya-fayan. Dole akwai ɗan aike mai ɗaukar labari daga faifai zuwa ƙofa.

Hagins ya ce kalsiyam ne. A ganinsa faya-fayan rumbunan kalsiyam ne, haske ya fasa su, kalsiyam ya fito ya toshe ƙofofi. Ra'ayin yana da kyau, domin haka kalsiyam ke aiki a tsoka, kuma idan aka ƙara kalsiyam a ruwan da retina ke ciki, wutar duhu takan ragu kamar an haska fitila. Mafi yawan masu auna lantarki suka bi shi.

Masu nazarin sinadarai suna da nasu ɗan takarar, wani ƙaramin sinadari mai suna cGMP. Tun farkon shekarun 1970 Mark Bitensky a Jami'ar Yale ya fara nuna cewa haske yana taɓa irin waɗannan sinadarai a cikin sanda. Aka gano wani enzayim mai farfasa cGMP, wanda haske ke tayarwa. A 1981 Lubert Stryer da abokan aikinsa a Stanford suka bayyana furotin da ke tsakanin rodofsin da wannan enzayim, suka sa masa suna taransdusin. Amma akwai ƙalubale biyu. Idan aka auna jimillar cGMP na retina bayan walƙiya, raguwar ba ta taka kara ta karya ba. Sannan abin da aka sani a lokacin shi ne irin wannan sinadari yana aiki ne ta hannun wasu enzayim, hanyar da ake ganin ta yi jinkiri ga ido.

Ana cikin wannan ja-in-ja, a 1979, Denis Baylor da Trevor Lamb da King-Wai Yau suka tsotso sandar kwaɗo ɗaya cikin bututun gilashi, suka auna amsarta ga foton ɗaya kai tsaye. Hasashen Hecht ya tabbata: foton guda yana hana ayon fiye da miliyan ɗaya shiga. Ko wane ne ɗan aiken, yana ninka labari ninkin ba ninki.

Kayan aikin da ya raba gardama daga Jamus ya zo. A Göttingen, Erwin Neher da Bert Sakmann suka ƙirƙiro dabarar manna bakin bututun gilashi a jikin ƙwaya, har a iya yago ɗan guntun ganuwa tare da ƙofofinsa a gwada shi shi kaɗai. Wannan ya kai su ga kyautar Nobel a 1991. A garin Pushchino, wani garin masu bincike a kudu da Mosko, Evgeny Fesenko da Stanislav Kolesnikov da Arkady Lyubarsky suka yago irin wannan guntu daga sandar kwaɗo, suka zuba wa cikinsa cGMP. Nan take wuta ta gudana. Suka wanke, ta tsaya. Babu wani enzayim a tsakani, babu makamashin da enzayim ke bukata. Kalsiyam kuma bai yi abin da ake jingina masa ba. Mujallar Nature ta buga sakamakon a farkon 1985, dakunan bincike na Amurka da Turai suka maimaita gwajin suka samu abu ɗaya. Gani ya kori ji.

Daga nan sarƙar ta fito fili. A duhu, cGMP yana manne da ƙofa yana riƙe ta a buɗe. Foton ya faɗa wa rodofsin, rodofsin ya tayar da taransdusin masu yawa, su kuma su tayar da enzayim mai farfasa cGMP, cGMP ya yi ƙaranci, ƙofofi su rufe. A gindin sanda, sinadarin gulutamet da take ta tsiyaya wa ƙwayoyin da ke gaba da ita a duhu sai ya ragu. Wannan raguwar ita ce kalmar farko ta gani.

Kalsiyam bai fita daga labarin ba, matsayinsa ne ya sauya. Yau da Kei Nakatani, da kuma Hodgkin da ya dawo kan ido a ƙarshen aikinsa, suka nuna cewa kalsiyam yana shiga ta wannan ƙofa tare da sodiyam, saboda haka haske rage shi yake yi a cikin sanda. Idan ya ragu, injin ƙera cGMP yakan ƙara sauri, wasu ƙofofi su sake buɗewa. Da wannan dabara, a wani ɓangare, ido ke daidaita kansa idan mutum ya fito daga ɗaki zuwa tsakar rana. A 1989 Benjamin Kaupp, tare da dakin binciken Shosaku Numa na Kyoto, suka karanto ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙofar daga idon saniya. Daga ranar, likita yana da wurin da zai duba.

Idan ƙofa ta lalace

Alamar farko ta riga fahimta zuwa. A 1924 Clyde Keeler, yana ɗalibi a Harvard, ya ci karo da ɓerayen da sandunansu ke mutuwa tun suna jarirai. A 1974 Debora Farber da Richard Lolley suka gano cewa cGMP yana taruwa a retinar irin waɗannan ɓeraye kafin sandunan su mutu, a 1990 kuma aka tabbatar cewa enzayim mai farfasa shi ne ya lalace. Idan cGMP ya yi yawa, ƙofofi suna zama a wangale, sodiyam da kalsiyam suna ta kwarara, ƙwayar ta gaji ta mutu. Irin wannan lahani yana cikin sanadin cutar retinaitis figmentosa a mutane, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 4,000. Tana farawa da dundumi, sannan gani ya riƙa tsukewa daga gefe har ya zama kamar leƙe ta bututu. Ƙwayoyin gado fiye da 60 na iya jawo ta, a 1995 kuma Thaddeus Dryja na Boston ya nuna cewa ita kanta ƙofar sanda tana cikinsu.

Mazurarai suna da tasu ƙofar, 'yar'uwar ta sanduna, amma daga wasu ƙwayoyin gado daban. Labarinta ya bi ta wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai suna Pingelap, a ƙasar Maikuronesiya. Wajen 1775 wata guguwa da yunwar da ta biyo bayanta suka bar kimanin mutum 20 da rai. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da lahani a ɓoye. Da zuriyar ta yaɗu tana auren juna, sai aka fara haifar yaran da ba sa ganin launi ko kaɗan, hasken rana yana azabtar da su, idanunsu suna rawa, ƙarfin ganinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mai lafiya ba. Da sanduna kaɗai suke gani, don haka sun fi sakewa da magariba da dare. Mutanen tsibirin suna kiran abin maskun. A duniya yana samun mutum 1 cikin kimanin 30,000, a Pingelap kuwa tsakanin 4 zuwa 10 cikin ɗari. A 1998 Susanne Kohl da abokan aikinta a Tübingen suka gano lahani a sashe ɗaya na ƙofar mazurari, mai suna CNGA3, a 2000 kuma aka gano cewa na mutanen Pingelap yana cikin ɗaya sashen, CNGB3. Waɗannan biyu ne sanadin mafi yawan masu wannan cuta a ko'ina.

Ƙofar cGMP ta farko ce kawai a jeri. A gindin sanda akwai ƙofar kalsiyam mai sarrafa tsiyayar gulutamet. A 1998 aka gano cewa lahaninta yana jawo wani dundumi na haihuwa wanda ba ya ƙaruwa da shekaru, ya fi kuma kama maza domin ta wajen uwa ake gadonsa. A ƙwayar da ke karɓar saƙon sanda akwai wata ƙofa, TRPM1, wadda gulutamet ke riƙewa a rufe, ta buɗe idan ya ragu. A nan ne saƙon da ya fara da rufewa yake juyewa ya zama buɗewa. Masu binciken dawaki ne suka fara nuna ta da yatsa a 2008, cikin dawakan Appaloosa na Amurka masu ɗigo-ɗigo, waɗanda wasunsu ba sa gani da dare. A 2009 aka same ta a iyalan mutane. A tantanin da ke ciyar da retina daga baya ma akwai ƙofar kulorayid, wadda lahaninta ke haifar da tabo mai kama da gwaiduwar ƙwai a tsakiyar gani, cutar da likita Friedrich Best ya bayyana tun 1905.

Gwajin da Holmgren ya fara da idon kwaɗo shi ne yau ke rarrabe waɗannan a asibiti. Ana ɗora siririyar waya a ido, a yi walƙiya, a karanta zane. Gangarar farko ta zanen muryar sanduna da mazurarai ce, hawan da ke biye kuma na ƙwayoyin da ke gaba da su. Idan gangara ta fito hawa bai biyo ba, an ga haske amma ba a miƙa saƙo ba. Idan duka sun dushe, masu karɓar hasken ne ke mutuwa. Bambancin yana da nauyi ga iyaye: yaro na farko zai rayu da ganin da yake da shi, na biyu kuma yana bukatar a fara shirya masa tun da wuri.

Ƙofar aro

Gyara ya fi ganowa wuya. An yi amfani da bairos maras cutarwa wajen kai lafiyayyar ƙwayar gado cikin idanun karnuka da tumaki masu lahanin ƙofar mazurari, suka dawo suna gani da rana. Da aka gwada a manya tara a Tübingen, rahoton 2020 ya nuna cewa maganin bai cutar ba, amma ƙarin ganin kaɗan ne. Ɗaya daga dalilan da masana ke kawowa shi ne ƙwaƙwalwar da ta girma ba ta taɓa jin muryar mazurarai ba tana da wuyar koyon sauraronsu.

Ga wanda sandunansa da mazuraransa suka riga suka mutu, wata dabara ta fito daga kududdufi. A 2002 da 2003 Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg suka nuna cewa wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya tana da ƙofar da haske ke buɗewa kai tsaye, ba ɗan aike. A 2006 Zhuo-Hua Pan na Detroit ya dasa ta a jijiyoyin retinar makafin ɓeraye, jijiyoyin suka fara amsa haske. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka bayar da rahoton wani mutum ɗan shekara 58 a Faransa, wanda ya yi shekara 40 da retinaitis figmentosa. An dasa masa irin wannan ƙofa a ido ɗaya, aka ba shi tabarau mai mayar da hoto zuwa haske ruwan goro. Bayan watanni na horo, ya iya gano kofi da littafi a kan tebur, ya ƙirga su, ya kai hannu ya taɓa. Bai kai ga gane fuska ko karatu ba.

Wannan tarihi yana da abin faɗa wa likita da iyaye a ƙasar Hausa. Yaron da ke lalube da zarar magariba ta yi ana cewa yana da dundumi, kuma a inda abinci ya yi ƙaranci, sau da yawa rashin bitamin A ne, wanda magani ke kawarwa cikin kwanaki. Amma idan an ba da bitamin abin bai gushe ba, ko akwai irinsa a 'yan'uwa, sai a tuna da ƙofofin nan. Da yawa daga cikin cututtukansu ba sa bayyana sai yaro ya gaji lahani ɗaya daga uwa da uba duka, abin da auren zumunci ke ƙara wa yiwuwa. Mafi yawan lahanin da aka tattara zuwa yanzu daga iyalan Turai da Amurka da gabashin Asiya aka samo su, kuma maganin ƙwayar gado sai an san wadda ta lalace kafin a ba da shi. Iyalin da ba a auna ba, ba ya cikin layin jiran magani, ko da an samo shi.